Kafin ka ɗaga waya ka ɗauki bidiyon 'yar mutane

Makon nan wani bidiyo ya zagaya wayoyinmu daga Sharar Mansur ta Makka har Karantina ta Jidda. Mata biyu ne suka kaure da faɗa a bakin shago kan bashin adashe, mayafin ɗaya ya zame, yaronta na kuka a gefe. Samari sun kai shida a tsaye, ba wanda ya raba, kowa ya ɗaga waya. Kafin isha'i an sa wa bidiyon kiɗa, an rubuta sunanta da unguwarsu, an watsa a TikTok. 'Yan uwana matasa, wannan wace irin rayuwa ce muka ɗauko?

Bari mu ajiye zancen zunubi tukuna, tunda da yawanmu sai an ambaci askarawa kunne ke buɗewa. Ƙasar nan ta Saudiyya tana da dokar laifukan intanet tun 2007, wato 1428 ta Hijira. Sashe na 3 ya ambaci keta sirrin mutane da kyamarar waya, ya ambaci ɓata suna da cutar da wani ta waɗannan na'urori, hukuncinsa ɗauri har shekara 1, ko tara har riyal 500,000, ko duka biyun. Sashe na 6 ya fi zafi: duk wanda ya shirya, ko ya tura, ko ya adana abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a, ko addini, ko ɗa'a, ko sirrin rayuwar wani, zai iya shan shekara 5 da tarar riyal miliyan 3. Ku sake duba kalmomin nan biyu, turawa da adanawa. "Ai ba ni na ɗauka ba, turo mini aka yi" ba hujja ba ce a gaban mai bincike, domin sashe na 9 ya haɗa da wanda ya zuga da wanda ya taimaka. Kai da ke cewa "don Allah a turo mini cikakken", ka ji. Ko hoton hatsarin mota ka tsaya ɗauka ba da izini ba, ƙa'idojin ɗa'ar jama'a na 2019 sun sa tarar riyal 1,000.

Wasu na ganin sun ɓuya don sun sa sunan bogi da hoton zaki. Layin da ke cikin wayar da lambar iƙama, wato katin izinin zama, da zanen yatsa aka yi masa rajista. Matar da ka tozarta ba ta buƙatar lauya kafin ta fara: ta ɗauki hoton fuskar wayarta da ke nuna bidiyon da lambarka da kwanan wata, ta kai ofishin shurɗa, wato 'yan sanda, ko ta shigar ta manhajar Kulluna Amn, daga nan takarda ta wuce Niyaba, masu gabatar da ƙara. A kira ka, a karɓi wayar. Ka goge a taka, amma yana nan a wayoyi hamsin da ka tura wa, magana zarar bunu ce. Kotu na da ikon ƙwace wayar gaba ɗaya. Mafi takaici ma masu riƙe layin da aka yanka da iƙamar yayansu ko ta kawunsu, su yi ɓarna, a fara kiran bawan Allah da ke can wurin aikinsa bai san hawa ba bai san sauka ba.

Sai kuma a kwashi dattawa a je biko, a yi kuka, a ce ta janye. To, ta janye haƙƙinta, wanda suke kira haƙƙul khas. Haƙƙin hukuma, haƙƙul am, ba a hannunta yake ba, Niyaba na iya ci gaba da shari'ar ko da kun ci abinci a kwano ɗaya bayan sulhu. Mu kuma da muke zaune da iƙama, sau da yawa bayan an gama zaman kaso sai tarhil, wato kora daga ƙasa, ya biyo baya, a bi ta Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, a sauke mutum a Kano ko Yamai. Yaro haifaffen Makka, bai san ko hanyar ƙauyen kakansa ba, saboda bidiyon daƙiƙa 40 da dariyar mutanen da ba za su kai masa ko ruwan sha a kurkuku ba.

Kuma ba bidiyon faɗa kaɗai ba ne. Miji da mata su saɓa, a ɗauko hirarsu ta cikin ɗaki a liƙa a sitatus. Mace ta kai kayanta wurin tela bai gama ba, ta sa hotonsa da lambarsa ta rubuta "ɓarawo, a yaɗa". A bikin mata zalla wata ta ɗauki amarya da ƙawayenta ba lulluɓi, washegari suna guruf ɗin maza. Saurayi ya ce wa yarinya in ba ta dawo ba zai saki hotunanta, bai san sunan abin da ya yi ibtizaz ba ne, wato tilasta wa mutum da barazana, yana cikin sashe na 3. Ban ma taɓo masu zaman kai tsaye a TikTok har asuba suna zagin iyayen juna don a jefa musu kyauta ba, ga Harami a gabansu sallar asuba ta gagare su. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Magani? Mu ji tsoron Allah, mu riƙe yatsunmu. In kai aka cuta, ka adana shaidarka ka kai ƙara, kada ka rama da naka bidiyon, don a nan ne mai gaskiya ke komawa wanda ake tuhuma, a tsare ku duka biyu.

Abin da ke ci mini rai shi ne iyayenmu ba su san sashe na 3 ba, ba su buƙace shi ba. Sun zo ƙasar nan wasu a ƙafa ta Sudan, shekaru a hanya, suka tsallako teku daga Sawakin, abin da suka rayu da shi a Hijaz shi ne rufin asirin juna. In faɗa ya tashi a lungu, tsohuwa ce ke cire gyalenta ta rufa wa wadda nata ya faɗi, a ja su cikin gida, a rufe ƙofa, ko maƙwabci Balarabe ba ya jin abin da ya faru. A bidiyon makon nan ma akwai wata tsohuwa da ta sunkuya tana neman mayafin a ƙasa, sai ka ji muryar mai ɗauka yana cewa, "Hajiya matsa, kin tare mini."