Ɓera ya cinye min 'yan tsaki, yaron shago ya ce ƙazantata ce

Jiya da asuba na kwashe gawar 'yan tsaki 17 daga akurkina. Wasu an cinye kai, wasu an huda ciki, biyu kuwa fuka-fuki kawai na tsinta a bakin rami. Duk da haka ba wannan ne ya hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da wani yaro, sa'an ɗana na biyu, ya yaɓa min a gaban maza.

Shekara shida ina kiwon kaji a bayan ɗaki. Da su nake sayen omo da sabulu, da su nake biyan kuɗin makarantar allo, in baƙo ya zo in kama ɗaya in yanka. Bana na ce bari in ƙara, na ɗauki adashina gaba ɗaya na sayi 'yan kwana ɗaya guda 50, irin waɗanda ake kawowa daga Ibadan cikin kwali. Na sayi buhun sitata, wato abincin 'yan tsaki, na yi musu rigakafi, na tanadi gawayi da kasko don ɗumi, tunda kowa ya san kwan lantarki ba abin dogaro ba ne a garin nan. Da yake na san halin ɓerayen unguwarmu, tun kafin tsakin su iso na je wani shagon maganin dabbobi na ce a ba ni mai ƙarfi. Yaron ya miƙo min ƙulli uku da gam ɗin ɓera biyu, ya ce, "Hajiya, wannan ko gafiya ta lasa ba ta kwana." Na biya ban ko nemi ragi ba.

Na cakuɗa da busasshen kifi, na tura cikin ramuka inda kaza ba za ta kai baki ba, na toshe da bulo saboda yara. Kullum da safe in duba, an lashe tas. Kwana tara ina zubawa, ko gawar jaɓa ban gani ba. Gam ɗin kuwa sawun ƙafa kawai na tarar a kansa, an taka an wuce.

To jiya na ɗaure gawarwakin a leda, na ɗauki ragowar ƙullin, na koma. Na yi sallama. Kansa na kan waya, yana kallon wani abu yana dariya. Na sake sallama. Sai ya ɗago ido ɗaya ya ce, "Me za a ba ki?"

Na ce, "Ɗan nan, maganin da ka ba ni ne bai yi ba. Duba ɓarnar da aka yi min."

Ko kallon ledar bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, kauda wannan abin daga kan kanta, za ki korar mana mutane."

Na haɗiye. Na ce, "To duba jikin takardar. Ba ranar da aka yi shi, ba ranar da zai lalace, ba lambar hukuma. Rubutun ma ba wanda zai iya karantawa. Menene wannan ka sayar min?"

Ya ce, "Ni na haɗa? Yadda aka kawo mana haka muke sayarwa. Kuma kaya in sun fita ba sa dawowa."

Na ce ban zo karɓar kuɗi ba, na zo ne ya daina sayar wa mutane gari a matsayin guba. Sai ya ajiye wayar, ya juya wajen mutanen da ke zaune a benci, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ai matsalarku ke nan matan gida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki je ki share gidanki. In ba ki iya kiwo ba ki sayar ki huta."

Aka yi dariya. Wani dattijo mai furfura ma har da gyaɗa kai.

Ni za a koya wa shara? Ni da ke ɗauke kwanon abincin kaji kullum kafin magariba, in share dusar da ta zube, in rufe buhu a cikin durom mai murfi? Yaron da bai san bambancin Gumboro, cutar nan ta kaji, da mura ba, wanda ko sunan abin da ke cikin ƙullin da yake sayarwa bai iya faɗa ba, shi ne ya zama malamin tsafta a kaina? Da na nemi mai shagon aka ce ya tafi kasuwa. Ko yaushe ka je ya tafi kasuwa. Ya ɗora yaro a kan guba da allurai kamar mai tsaron tiredar alawa, shi dai a kawo masa ciniki da yamma.

Kuma tunda ana maganar wari, a zo a ga inda yake fitowa. Bolar da ke bayan katangarmu ta kusa kai tsayin taga. Rabon da motar kwashe shara ta shigo layinmu har na manta. Kwatar unguwa ta toshe da leda tun damina biyu da suka wuce. Can ɓerayen suke haihuwa, kuma ɓera sati uku kawai take ɗaukar ciki ta zubo 'ya'ya rututu, kafin ka kashe biyar an haifi hamsin. Su haƙo ta ƙarƙashin katanga su ɓullo cikin akurkina. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata a hana mu fita a ce ana tsaftar muhalli, mu share, mu tara, sharar ta zauna nan har iska ta maido mana ita tsakar gida. Ina duba-garin da iyayenmu ke ba mu labari, masu shiga gida-gida har randa su leƙa? Yau akwai masu karɓar albashi da wannan sunan, amma wa ya taɓa ganinsu a lungu?

Duk rani sai an cika mana kunne a rediyo da zazzaɓin Lassa: ku rufe abinci, ku kashe ɓera. Cutar nan tun 1969 aka gano ta a garin Lassa na jihar Borno, an san ɓera ke yaɗa ta ta fitsari da kashi. Shekara sama da hamsin ke nan ana faɗa mana mu kashe ɓera. Da me za mu kashe shi? Da garin da ake ƙullawa a sayar mana ido na ganin ido, ba mai tambayar daga ina ya shigo?

Hukumomi ne kuma kullum ke cewa mata su kama sana'a, a dogara da kai. Mun kama. Da aka cire tallafin mai a 2023 masara ta tashi, abincin kaji ya bi ta. Buhun da na san ina saye ƙasa da naira 5,000 sai da ya haura 20,000. Wani likitan dabbobi mai mutunci ya ce min maganin abin shi ne in dafe ƙasan akurkin da siminti, in zagaye shi da raga mai ƙananan ido wadda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Gaskiya ya faɗa. Amma da na tambayi kuɗin buhun siminti da na ragar da na magini, sai na ga ya fi kuɗin tsakin gaba ɗaya. Tallafin masu kiwo da ake ta shela kuwa, ni dai ban san mace ɗaya a layinmu da ya taɓa zuwa hannunta ba. Sai dai a karɓi hotonmu da lambar waya a tafi.

Sauran 33 ɗin yanzu suna cikin kwali a ɗakina, gefen gado, da kaskon gawayi a bakin ƙofa da taga a buɗe don kada hayaƙi ya illata mu. Daren jiya ina jin ƙarar haƙa a jikin katanga har aka kira assalatu. Shagon nan kuwa da na wuce ɗazu a buɗe yake, ƙullin nan na rataye a inda yake, wata mata da goyo tana ƙirga masa kuɗi.