Tsakar Kimboza ba kayan ado ba ce

Wallahi bidiyon nan da ake ta yaɗawa ya ɓata min rai. Mutum ya kulle shuɗiyar tsakar Tanzaniya a akwatin gilashi yana nuna wa duniya, mutanenmu kuma sai yabo suke yi, har da masu tambayar inda za su sayi irinta. Haba jama'a!

Dabbar nan duk duniya ba ta da gida sai dajin Kimboza da Ruvu da 'yan guntayen dazuzzuka kusa da su, a yankin Morogoro. Wurin da take rayuwa a zahiri bai wuce murabba'in kilomita 8 ba. A can ɗin ma bishiya iri ɗaya take hawa, Pandanus, mai dogayen ganye masu ƙaya. A tsakanin ganyen take kwana, a nan take saka ƙwai. To masu kamun ba sa wahalar hawa, sare bishiyar suke yi ta faɗi su tsince su. An kama na yau, an rushe gidan na gobe.

Daga 2004 zuwa 2009 kaɗai an kwashe sama da 30,000, kusan kashi 15 cikin 100 na duk waɗanda ke daji. Saboda me? Saboda namijin shuɗi ne shar, yana kyau a falo. Kuɗin masu saye ne ya sare bishiyoyin nan.

Wani zai ce ai yanzu a Turai ake kiwonsu. Iyayen nasu daga ina aka ɗauko su? Wani kuma ya ce tsaka ce fa, mene ne abin tayar da jijiyar wuya. Wannan ba ta taɓa shiga ɗakin kowa ba, mu ne muka bi ta har gidanta. Ga gobarar daji, ga bishiyar Cedrela da aka kawo daga nahiyar Amurka tana mamaye dajin, sannan a ƙara mata da 'yan kasuwa?

A taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai) na Johannesburg a 2016 aka haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. A taron nan dai aka sa aku mai jan wutsiya a jerin haramcin ciniki ɗaya da ita. Amma har yau za ka ga aku a keji a kasuwanninmu, an yanke masa fiffike, ana ciniki da rana tsaka, ba mai tambayar daga wane daji aka ɗauko shi.