Kafin ka sayi na'urar tace ruwa a Gombe

Masu tallar na'urorin tace ruwa sun samu kasuwa a Gombe, kuma makaminsu wata 'yar na'ura ce mai kamar biro. Su tsoma ta a ruwan famfonka ta nuna, a ce, 280, su tsoma ta a ruwan da na'urarsu ta tace ta nuna 15, sai hankalin maigida ya tashi ya fara tambayar farashi. A ganina wannan lambar tana sa mutane kashe kuɗi a inda matsalar ba ta.

Abin da 'yar na'urar ke aunawa shi ake kira TDS, wato jimillar gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa, irin su kalsiyam da magniziyam da sodiyam. Tana gano yawansu ne daga yadda lantarki ke ratsa ruwan, ta nuna shi da miligiram a kowace lita. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sanya wa TDS iyaka ta fuskar lafiya ba. Maganar ɗanɗano ta yi: ƙasa da miligiram 600 a lita ruwa na da daɗin sha, idan ya haura 1,000 sai zartsi ya fara hana mutane sha. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 ya tsaya a 500. Ke nan 280 ba abin tsoro ba ne.

Ƙwayoyin kwalara da taifod kuwa ba sa motsa wannan lambar ko kaɗan. Ruwan da zai kwantar da gida guda da amai da gudawa zai iya nuna 40. Ruwan da ke tasowa daga matatar Dadin Kowa an tace shi an sa masa kulorin, amma tsakanin matata da maƙogwaro akwai tafiya. Bututu da yawa a cikin kwata suke kwance, ruwan kuma ba kullum yake zuwa ba. Da an ɗauke shi bututu ya zama fanko, sai ƙazantar kwata ta kutsa ta inda ya tsage, ranar da aka kawo ruwa a turo ta gidajen mutane. Ga tankin da ya shekara ba a wanke ba, ga jarkokin 'yan garuwa, ga randar da kowane yaro ke tsoma moɗa a ciki. Nan ciwon yake.

Wasu 'yan tallar ma har siddabaru suke yi: su sa sandunan ƙarfe a kofi, su jona wuta, ruwan ya koma ja ya yi dauɗa, su ce ga abin da kake sha. Tsatsar ƙarfensu ce ta narke. Ko ruwan gora mai ma'adinai ka ba su, launi zai sauya.

Ba cewa nake yi abin da ya narke a ruwa ba ya cutarwa ba. Duk wanda ya san Kaltungo ya san yadda haƙoran mutane da dama a yankin suka dafe saboda yawan sinadarin fuloraid a ruwan ƙasa. Iyakarsa a ma'aunin Najeriya miligiram 1.5 ne a lita, adadin da ba zai ko bayyana a 'yar na'urar ba. Haka sinadarin naitiret, mai iyakar 50, wanda ke shiga rijiya ko burtsatsen da aka haƙa kusa da masai, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Tafasa ruwa ba ya cire waɗannan, sai ma ya ƙara musu ƙarfi idan ruwan ya ƙone. Matatar gawayi da ta kyandir, wato ta yumɓu mai siffar kyandir, ma ba sa kama su. A irin wannan hali na'urar RO, mai matsa ruwa ta cikin wata fata mai matsanancin ƙananan ƙofofi, ita ce ta cancanci kuɗinta.

Sai dai mai talla ba ya faɗa maka cewa irin ta gida kan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba ka lita ɗaya. Tana son wuta ko ruwa mai ƙarfi, matatunta kuma sai an riƙa sauya su, in ba haka ba su zama gidan ƙwayoyin cuta. Ga mai sayen ruwa jarka-jarka a Bolari ko Pantami, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Mai burtsatse ya kai ruwansa ɗakin gwaji, ya ce a duba masa ƙwayoyin E. coli, masu nuna kashi ya shiga ruwa, da fuloraid da naitiret, sakamakon ya nuna masa irin matatar da zai saya. Mai ruwan famfo kuma tafasawa ko kulorin ko matatar kyandir, tare da wanke tanki da rufe randa, sun fi masa amfani. Hukumar ruwa ta jiha ita ma tana da aiki: ta riƙa ɗebo ruwa daga famfunan unguwanni, ba daga bakin matata kawai ba, ta gwada, ta sanar da sakamakon a rediyo unguwa-unguwa.