Kurungun da Ya Shiga Jandarma

A Garwa ne, ƙarƙashin gadar Binuwai, da hantsi. Sarkin Ruwa na ɗinkin koma, Sarkin Fawa ya sauko wankin tumbi, suna ta tsiyarsu ta gado. Sai ga Ɗan Lakwal, wato ɗan makarantar boko, da bokiti.

Sarkin Ruwa: Kai yaro, me ka rufe da faifai sai ka ce ƙwaryar amarya?

Ɗan Lakwal: Kifin Alhajinmu ne, Baba. A Duwala ya sayo shi bai wuce ɗan yatsa ba, ya sa a akwatin gilashi a falo. Yanzu ya kai kamu guda, akwatin ya yi masa kaɗan. Ya ce in san yadda zan yi da shi.

Sarkin Ruwa: Buɗe! Daga nan har tafkin Lagdo ba kifin da ban san sunan kakansa ba.

(Ya leƙa, ya ja da baya, ya gyara hula.)

Sarkin Ruwa: Af, kurungu ne.

Sarkin Fawa: Kurungu da sulke har wutsiya?

Sarkin Ruwa: Jandarma ya shiga. Kai da ba ka san komai ba sai hanji.

Ɗan Lakwal: Baba, ai kurungu a ka kawai yake da kwalkwali, jikinsa sulɓi ne. Wannan ɗan Amurka ta Kudu ne, danginsa na kogin Amazon. Abin da kake gani a jikinsa ba ɓawo ba ne, fale-falen ƙashi ne.

Sarkin Fawa: To ina bakin? Ko a Duwala aka baro shi?

Ɗan Lakwal: Juya shi. Ga shi a ƙasa kamar ƙahon wanzami. Da shi yake manne wa dutse ko gungume, ruwa ya yi ta gudunsa bai motsa ba, yana kankare gansakuka.

Sarkin Fawa: Kawo nan. Wuƙar nan ta feɗe bijimin Gaundare.

(Ya ɗora a gadon bayan, ji kake ƙyar! Ya dubi wuƙa, ya dubi kifi. Kifin ko gezau.)

Sarkin Ruwa: Wasa ta dai, ɗan jini! Yaro, juye shi a kogi, dorina ta yi maganinsa.

Ɗan Lakwal: Kul, Baba! Yana haɗiyar iska, ya yi awoyi a tudu bai mutu ba. Namijin kan haƙa rami a gaɓa ya tsare ƙwai, har gaɓar ta riƙa zaftarewa. A Meksiko kifin shaiɗan suke ce masa. Ya shiga wani tafkin dam da ake kamun karfasa, aka wayi gari shi ne cike da koma, ƙayoyinsa na kekketa ta. Masunta da yawa suka rasa abin yi.

Sarkin Fawa: Tsaya. Masunta suka me?

Ɗan Lakwal: Suka rasa abin yi.

Sarkin Fawa: Mutanen garin fa, nama suka koma ci?

Ɗan Lakwal: Wannan kuma...

Sarkin Fawa: Jaka ɗaya, na saya. Akwai macen?

Sarkin Ruwa: La'ilaha! Jaka biyu!

Sarkin Fawa: Uku. Lagdo zan kai shi da kaina, a kan babur.

Sarkin Ruwa: Biyar! Yaro, ka ce sallama, don darajar iyayenka!

Ɗan Lakwal: Na sallama.

(Sarkin Ruwa ya kwance lalita yana huci, ya rungume bokiti.)

Sarkin Ruwa: To yanzu wannan masifar ta ina ake cin ta?

Ɗan Lakwal: Mutanen Barazil gasa shi suke yi a kan garwashi da sulkensa, in ya nuna su ɓare kamar gyaɗa.

Sarkin Ruwa: Garwashi kuma? Itacena duk ya jiƙe.

Sarkin Fawa: Tukubata na nan bakin hanya, ranka ya daɗe, wuta ta kama. Gashin ɗan Amurka jaka ɗaya ne. Yaji daban.