Mai gida na jiya da manajan yau

Shekarata goma sha tara a Jidda, kuma ni dai abin da na gani shi ne, inda tuwo ke fitowa nan shugaba ke fuskanta, halinsa kuma sai ya biyo baya.

Kafin a haƙo mai a Dammam a 1938, da kuɗin alhazai da zakka Sarki Abdul'aziz ke riƙe ƙasar nan ta Saudiyya, to dole ya zauna majalisa da manyan ƙabilu a sha gahawa, a ba wannan alkyabba a ba wancan buhunan shinkafa, har auratayya aka yi ta ƙullawa, don mai ƙaramin asusu da zumunci yake mulki. Da mai ya zo, musamman bayan 1973 zamanin Sarki Faisal da farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai shugaba ya koma uba mai rabo, makaranta kyauta asibiti kyauta ga aikin gwamnati ba haraji, kai kuma ka ci ka yi shiru.

To a 2014 gangar mai ta fara gangarowa daga sama da dala 100, farkon 2016 ta yi ƙasa da 30, a shekarar aka fito da Ru'uya 2030, wato shirin gwamnati na rage dogaro da mai. Harajin kaya kashi 5 a 2018, ya koma 15 a 2020. Mu baƙi kuwa tun 2017 aka ɗora mana riyal 100 duk wata kan kowane mutum a iyali, yanzu 400 ne, maƙwabtana nawa suka mayar da mata da yara Kano saboda haka. Gwamnati ta koma kamar kamfani, komai da wa'adi, komai a Absher, manhajar gwamnati.

Har a shagonmu haka ne wallahi. Tsohon kafilina, wato mai gidan da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, Allah ya jiƙansa, bai san lissafin kwamfuta ba, albashi kan makara wata biyu, amma da mahaifiyata ta rasu shi ya saya min tikiti bai ce uffan ba. Ɗansa kuwa, gaskiya ɗaya ce, ko kwana ɗaya albashi bai taɓa makara a hannunsa ba, ba na zarginsa ma, shi ma haya da haraji da kuɗin igama, wato takardar zaman baƙi, sun shaƙe shi. Amma jiya na ce masa ya Abu fulan yarona ba lafiya zan kai shi asibiti, ko kai bai ɗago daga waya ba ya ce in tura buƙata ta manhaja. Na tura, har yanzu tana nuna ana dubawa, yaron dai na kai shi da asuba na dawo na buɗe shago.