Akwatin ƙugu ba shi da laifi, ku duba yadda kuke ɗaura shi

Mawaƙi na tsaka da baiti sai murya ta ɗauke, ta dawo da shuuu, kowa ya juya yana hararar mai mikisa, shi kuma ya ce kayan ne ba su da kyau. A ganina, yawancin lokuta ƙaramin akwatin nan da ake maƙala wa mawaƙi ko mai gabatarwa a ƙugu, mai aika muryar makirfo ta iska, lafiyarsa ƙalau. Ɗaurin da aka yi masa da saitin da aka ba shi ne suka kashe shi.

A fara da eriya, tunda ita aka fi wulaƙantawa. Akwatin nan ƙaramin gidan rediyo ne, ƙarfinsa bai cika wuce miliwat 10 zuwa 50 ba. Jikin mutum kuwa yawancinsa ruwa ne, ruwa kuma yana shanye sigina. Idan eriya ta kwanta a fatar da ta jiƙe da gumi, kaso mai yawa na wannan ɗan ƙarfin a jikin mawaƙi zai ƙare. Dole a samu yadi tsakaninta da fata, ko da singileti ce. Kuma tsawonta ba ado ba ne, an auna shi daidai da zangon da akwatin ke aiki a kai. A wajajen megahaz 600 kusan santimita 12 da rabi ne. Wanda ya lanƙwasa ta don ta shiga aljihu, ko ya naɗe wayar makirfo a jikinta, ya rage mata nisa da hannunsa. Aljihun wando tare da wayar salula da makullin mota shi ne wuri mafi muni. Mai babbar riga ma ya fi kowa sauƙi: a sa akwatin cikin jakar ɗamara a bayansa, eriya a miƙe, riga ta rufe komai.

Risiba kuma, wato na'urar da ke karɓar siginar akwatin, a ɗaga ta sama da kan mutane, a gefen dandamali, eriyoyinta biyu a buɗe kamar harafin V. Kada a binne ta cikin akwatin ƙarfe ko a jingina ta da babban allon LED, kada kuma mai akwatin ƙugu ya matso ta ƙasa da ƙafa 10, don sigina mai ƙarfi da yawa ma yana ruɗa ta.

Gumi ya fi faɗuwa ƙasa kashe akwatunan nan. Yana bin wayar makirfo ya gangaro cikin mahaɗi, inda wayar ke shiga akwatin, gishirinsa ya ci ƙarfen, bayan makonni a fara jin ƙas-ƙas duk lokacin da mawaƙi ya motsa. A zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato wannan ba abin wasa ba ne. Maganin ba tsada: a bar wayar ta ɗan sauko ƙasa da akwatin kafin ta hau ta shiga, yadda gumi zai ɗiga a lanƙwasar. A gidajen wasan kwaikwayo na Ingila da Amurka sun daɗe suna sa akwatin cikin kwaroron roba marar maiƙo. A yi dariya in an so, amma yana aiki. Bayan wasa a cire batir, a goge, a bar shi a buɗe ya sha iska.

Inda na fi jin haushi shi ne zaɓen tasha. Sai ka ga an kunna akwati shida, kowanne an ba shi lamba da ka, wai ai lambobin sun bambanta. Bambanci kaɗai bai isa ba. Akwati biyu in suka kusanci juna suna haifar da siginar bogi. Ɗaya na kan megahaz 520, ɗaya na kan 521, to za a samu datti a 519 da 522. In makirfo na uku yana can, ya shiga uku. Shi ya sa kamfanonin makirfo irin su Shure da Sennheiser suka tsara tashoshinsu rukuni-rukuni. A kashe duk akwatunan, a kunna allon LED da fitilu kamar yadda za su kasance lokacin wasa, a sa risiba ta laluba fili, a zaɓi dukkan tashoshi daga rukuni ɗaya, sannan a kunna su ɗaya bayan ɗaya. A maimaita wannan a kowane sabon wuri, domin zangon UHF da akwatunan nan ke aiki a kai tare da gidajen talabijin ake zama a cikinsa, tashar da ta yi tsit a Kaduna tana iya cika a Abuja. Akwatuna masu aiki a gigahaz 2.4 kuwa da Wi-Fi suke kokawa, a ɗakin taro mai cike da jama'a ban amince da su ba.

Mai sayen na gwanjo ya karanta zangon da aka rubuta a jiki. Amurka ta hana amfani da makirfo a yawancin zangon megahaz 600 tun Yulin 2020 bayan ta sayar da shi ga kamfanonin waya, don haka arhar wasu kayan tana da dalili. A duba mahaɗi ma: na Shure mai fil huɗu ne, na Sennheiser na yau da kullum jak ne na milimita 3.5 mai murɗi. Ba sa shiga juna.

Ƙarfin shigar murya a jikin akwatin ake saita shi, ba a mikisa ba. In murya ta fashe tun daga ƙugu, babu maɓallin da zai gyara ta a gaba. Lokacin gwaji a ce wa mawaƙi, ranka ya daɗe, ɗaga murya kamar yadda za ka yi in waƙa ta yi zafi. "Halo, halo" ba gwaji ba ne. A rage har fitilar gargaɗi ta daina ja sai jefi-jefi.

Batir: samfurin alkaline mai kyau guda biyu kan kai wajen awa 8, amma masu arhar nan na tocila ba sa kai ko'ina. A sa sabo kafin kowane wasa, kada a haɗa tsoho da sabo. Mai amfani da na caji ya faɗa wa akwatin a saiti, in yana da wurin, domin volt 1.2 ne ba 1.5 ba, in ba haka ba alamar batir za ta yi masa ƙarya. Daga nan a kulle maɓallan kafin a miƙa wa mawaƙi, don hannu na yawan kaiwa ƙugu lokacin rawa.