Tikitinku ba ya fashi, kwalbatinmu kuwa damuna uku ke nan

Ranar kasuwar da ta wuce, da hantsi, motar da ta ɗauko mini buhu 14 na gero ta kafe a kwalbatin shiga garinmu. Sunan kwalbati ne kawai ya rage masa, don damuna uku ke nan da ruwa ya cinye gefensa, rodi ya fito waje tsirara. Sai da muka sauke kayan kaf, na biya 'yan dako suka tsallaka da su a ka, buhu biyu suka jiƙe sharkaf. Ina tsaye laka har gwiwa, ina matse ƙafar wando, sai ga yaron karɓar kuɗin shiga na ƙaramar hukuma da ɗan littafin rasit ɗinsa: "Baba Alhaji, tikiti."

Wallahi da ba don furfurar da ke haɓata ba, da ranar an ji mu. Na dube shi, na dubi ramin, na zaro naira 200 na miƙa masa. Ba da shi nake ba, ɗan maƙwabcina ne, a gabana aka yi sunansa, shi ma turo shi aka yi. Da waɗanda suka turo shi nake, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Shekara 22 ina sayar da hatsi a wannan yanki namu na arewacin jihar Bauchi, ban taɓa ganin ranar kasuwar da mai tikiti ya yi fashi ba. Ana ruwa yana nan, ana azumi yana nan. Mai rumfa ya biya, mai kasa kaya a ƙasa ya biya, direba ya biya a tasha, mahauci ya biya a kwata. To ina kuɗin suke zuwa? Kasuwar ko makewayi babu, sai dai mutum ya zaga bayan gonar wani. Bola ta yi tsiri a bayan 'yan tumatir. Kuma ba alfarma muke roƙo ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma ɗaya bayan ɗaya: kasuwa, tasha, kwata, makewayin jama'a, kwashe shara, maƙabarta, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, sannan da hannunta a makarantar firamare da kiwon lafiya. Ɗana da ke karantarwa a sakandare ne ya karanta mini, na ce ashe duk abin da ya lalace a garin nan yana da mai shi a rubuce.

Maganar ruwa kuwa kada ma a tayar da ita. Burtsatsen unguwarmu, mai aiki da hasken rana, an ƙaddamar da ita da kalangu da yankan ƙyalle. Wata bakwai ta yi injin ya ƙone. Yanzu tankin na nan a sama kamar hasumiya, tantabaru sun mai da shi gida, allon da ke ɗauke da sunan wanda ya "kawo aikin" ne kaɗai bai lalace ba. Matanmu sun koma sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa, wanda ba shi da hali ya tura yara rafi kafin su tafi makaranta, in ma sun tafi. A asibitin sha-ka-tafi, ma'aikaciya ɗaya ce, Allah ya saka mata, da fitilar wayarta take karɓar haihuwa. Magani sai dai ta rubuta maka a takarda ka nufi kemis.

Mun je sakatariya, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mu shida, dattawan kasuwa, da takardarmu a rubuce da sa hannun mai unguwa. Zuwan farko aka ce ciyaman ya tafi Bauchi taro. Na biyu ya tafi Bauchi gaisuwa. Na uku masinja ya ji tausayinmu ya ce, "Baba, ku daina ɓata kuɗin mota, ba a ganinsa sai ƙarshen wata." Ashe iyalinsa ma can suke zaune. Mutumin da muka sani yana yawo da silifas lokacin neman ƙuri'a, yana durƙusa mana har ƙasa!

Kansilanmu dai ya fito ya same mu a gindin darbejiya. Ya rantse ya maya: "Kawu, wallahi mu ma 'yan kallo ne. Kuɗin ba ya sauka nan. In an cire albashin malaman firamare da na ma'aikata da fansho da kason masarauta, abin da ake miƙo mana ko man janareta ba ya isa." Na yarda albashin malamai na cin kaso mai yawa, wannan ba ƙarya ba ce. Amma in kai ɗan kallo ne, me ya sa ba ka faɗa mana haka ba ranar da kake raba omo da atamfa?

Bari mu yi lissafin da mu 'yan kasuwa muka iya. A duk naira 100 da ake rabawa daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma 20.60. Guda 20 daga cikin ƙananan hukumomin nan namu ne a jihar Bauchi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kason wata-wata ya ƙaru, su da kansu suke shelar haka a rediyo. Mu ne muka biya wannan ƙarin, da kuɗin mota da ya ninka, da taki, da mudun masara. An ce mu yi haƙuri, kuɗin zai dawo mana ta hanyar ayyuka. To an daɗe ana ce mana gafara sa, har yau ba mu ga ƙaho ba.

Shekara da shekaru ana cewa matsalar asusun haɗin gwiwa ce, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, inda kuɗin ƙaramar hukuma ke fara kwana a hannun jiha. A 2019 aka fito da dokar hana cire tsabar kuɗi sama da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, muka ce an zo wurin. Shiru. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36: a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Ranar a majalisarmu har shayi na saya wa mutane. Yau da na tuna sai in ji kunyar kaina. Kotu ta yi magana a Abuja, kwalbatinmu bai ji ba.

Kuma ko da kuɗin ya sauka kai tsaye, hannun wa zai sauka? Zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasar nan kowa ya san yadda yake, jam'iyyar da ke mulkin jiha, ko wacce ce, ita ke kwashe kujeru kusan duka. Wanda aka ɗauko aka ɗora, ai wanda ya ɗora shi zai riƙa kallo, ba mai gero ba. Kashin dankali ke nan, babba kan ƙarami, mu ne a can ƙasa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya yabon zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna kafin zuwan ƙananan hukumomi, don ya sha wuyar haraji da jangali. Amma yakan ce a lokacin in duba-gari ya shigo unguwa, har randa sai ya leƙa, kuma in gada ta karye ka san ƙofar da za ka buga. An yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 don a kawo gwamnati kusa da talaka. Ta zo kusa ɗin kuwa, kusa da aljihunsa.

Ranka ya daɗe ciyaman, in wannan ya iso gare ka a Bauchi, abu ɗaya nake nema. Ka sa a liƙa takarda a bangon sakatariya duk wata, da Hausa: ga abin da ya shigo daga Abuja, ga abin da aka tara a kasuwa da tasha, ga abin da aka cire, ga wanda ya cire. In an riƙe ne a sama, mu san da wa za mu yi. In kuma ya iso hannunka ne, to rijiya ta bayar guga ya hana, sai mu san haka.

Jiya mun yi karo-karo, kowane mai rumfa naira 1,000, direbobi suka kawo yashi, samari suka cika buhunan taki 60 muka jera a bakin ramin. Ba zai kai ƙarshen Agusta ba, mun sani. Da safen nan ina kallo yaron nan ya tako ta kan buhunanmu, ƙafarsa ko laka babu, ya buɗe littafinsa ya fara daga rumfata.